Fiyus a Haɓar Zanin Gwaggo Delu

Ku samarin nan da kuke tare ni a bakin masallaci kuna cewa, "Baba Issufu, gyaran fanes ai ba wani aiki ba ne, mun gani a waya," ku matso ku ji. Ban yi fushi ba. Na kalli bidiyon da kuke nuna min, kuma mutumin bai yi ƙarya ba: ya kwance murfi, ya zaro wani ɗan siririn ƙarfe, ya goge shi, ya mayar, wuta ta kama, ya juyo yana washe baki. Haka ake yi. Sai dai a bidiyon babu mai gida tsaye a bayansa yana huci, babu jaririya a ɗakin da ke kusa, kuma ba wanda zai haɗu da shi ranar Juma'a ya ƙi ba shi hannu. Ni duk na ga waɗannan, kuma a kansu nake so in yi muku magana.

A Yamai sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Tun ina saurayi zafi nake kora. Da na zo Greensboro a Amurka na fara da ɗaukar kwali a wani sito a Wendover kamar kowa. Ranar da aka nuna min fanes, injin ɗumama gida, a gidan da muke haya sai da na ja da baya. Wai akwatin ƙarfe ne a cikin kabad a tsakiyar gida, gas na ci a cikinsa dare da rana, fanka na tura ɗuminsa ta bututu zuwa kowane ɗaki, mutane kuma na sharar barcinsu. Na ce a raina mutanen ƙasar nan ba su san wuta ba.

Wanda ya koya min aikin wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, Mista Odell, mai tsohuwar motar aiki da ɗan shago a bayan gidansa a East Greensboro. Na je masa da taƙamar na san wayar lantarki, na san kwamfuresar firji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min bokitin fenti wanda ba komai a ciki. Lokacin sanyin farko gaba ɗaya aikina shi ne in kife bokitin a gaban fanes, in zauna, in saurara. Da na kai hannu ga sukurdireba sai ya buge min hannun da hularsa. Haushi kamar ya kashe ni, ga ni magidanci da 'ya'ya a gida ana kaɗe min hannu kamar yaro a bakin kwanon tuwo.

A kan bokitin nan na gane cewa fanes yana da jerin da yake bi kafin ya tashi, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Farko agogon bango, wanda ake ce wa tamostat, ya sanar cewa gida ya yi sanyi. Sai wata ƙaramar fanka ta tashi ta share hanyar hayaƙi. Sai ka ji ƙas. Sai makunni ya yi ja. Sai gas ya buɗe, wuta ta ce fuu, shuɗiya, a miƙe. Sai ɗan ƙarfen nan na bidiyonku ya shaida cewa lallai wuta ta kama. Can bayan ɗan lokaci babbar fanka ta taso ta kwashi ɗumin ta kai ɗakuna. Inda jerin ya tsaya, a nan ciwon yake. Kunne ne ke gaya maka, tun ba ka buɗe akwatin kayan aiki ba.

Abu na biyu da na ɗauka a wurinsa tambaya ce. Mista Odell ba ya shiga gida ya zarce wurin fanes. Sai ya tsaya a falo, ya cire hula, ya ce, "Me ya canza a gidan nan?" An yi baƙi? An kawo sabuwar kujera? An yi fenti? Wata rana muka tafi har Summerfield, gidan wata Baturiya mai dawakai, tana ta kuka wai injinta ya mutu. Ya yi tambayarsa. Ta ce ba abin da ya canza, jiya dai sun hau silin sun sauko da kayan adon Kirsimeti. Ya hau tsani, ya ɗaga wani makunni mai kama da na fitila wanda mijinta ya kashe garin saukowa, fanes ya tashi. Tafiyar ta fi aikin tsawo.

Kayan aikina ba su da yawa. Mita ta auna wuta, tocila, ɗan madubi mai dogon wuya na leƙa lungu, na'ura mai shinshina iskar gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi, sai bokitin zama. Akwai kuma wani guntun waya mai 'yan maƙalai a baki biyu, wanda ya fi komai araha a akwatin kuma ya fi komai haɗari. Ku gane, a cikin fanes akwai masu gadi, wato ƙananan makunnai da ke kashe wuta da zarar zafi ya yi yawa ko harshen wuta ya fito inda bai kamata ba. Idan ka maƙala guntun wayar nan a kan mai gadi, ka rufe masa baki ke nan, injin zai ci gaba da ci ko me ke faruwa. Muna yin haka na ɗan lokaci, muna zaune a gabansa, don mu gane ko mai gadin ne ya lalace ko gaskiya yake faɗa. Dokar Mista Odell ɗaya ce a kanta: da kai ta shiga gida, da kai za ta fita.

Da na tsaya da ƙafafuna na buɗe nawa, yawancin masu kirana mutanenmu ne, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. A nan na ga ciwon da Mista Odell bai taɓa gani ba duk daɗewarsa. A kowane gida akwai wata babbar taga mai raga a bango, yawanci a barandar tsakanin ɗakuna, ta nan fanes ke jan iskar gida ya ɗumama ya mayar. Matanmu kuwa, Allah ya ba su basira, suka gano cewa idan aka ajiye kaskon turaren wuta a bakin tagar nan, ƙamshi zai zaga kowane ɗaki har banɗaki ba tare da an ɗaga ƙafa ba. Dabara ce mai kyau, ni kaina na yaba. Amma hayaƙin turare da maiƙo yake, a kan filta yake sauka, matatar iskar da ke bayan tagar. Ƙura ta zo ta manne. Ba a jimawa filta ta koma kamar ƙasan tukunya, iska ba ta wucewa, fanes ya shaƙe ya yi zafi, mai gadi ya kashe shi. Na zaro filta a gidajen hajiyoyi wadda ta fi wasu amare ƙamshi.

Ga kuma kabad ɗin fanes da muke mayar da shi sito. Buhun shinkafa, jarkar mai, akwatunan tsarabar da za a kai gida in an tashi, duk a jibge a jikinsa. In ka yi magana a ce maka ai wurin ne ya fi bushewa.

To bari in kawo ku aikin da ya sa na tara ku. Wata Alhamis ce a Janairu, bayan azahar, ƙanƙara ta kwanta a kan motoci tun safe. Alhaji Sani ya kira ni. Manyanku sun san shi, mutumin Maraɗi, mai tura motoci gida ta jirgin ruwa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, a falonsa na fara kwana, kuma da na buɗe sana'ata shi ya riƙa raba lambata a masallaci. 'Yarsa Rakiya ta yi haihuwar fari, ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba, washegari suna. Ya sayi wani babban tsohon gida na jan bulo, kuma wannan ne taron farko da zai yi a cikinsa. Baƙi na hanya daga Atlanta da Columbus da New York.

Na tarar da gidan cike da mata, kowa cikin rigar sanyi a kan atamfa, ana suyar cincin, an wangale ƙofar oven wai a sami ɗumi. Na ce a rufe. Alhaji ya tare ni a falo.

"Malam Issufu, shofaj ɗin nan, injin ɗumin gidan nan, ya kunyata ni. Tun shekaranjiya yake tashi yana mutuwa. In ya mutu in je in kashe masa kuran, wato lantarki, in kunna, sai ya tashi. Yau ya ƙi sam."

Na ce, "Alhaji, me ya canza a gidan nan?"

"Mi zai canza? Baƙi ne kawai."

Na nufi baranda. A bango, daidai inda tagar jan iska take, an kafe wani bargo mai kauri da ƙusoshi, an kuma tokare ƙasansa da buhun gero. Ina tsaye ina kallo sai ƙofar ɗakin mai jego ta buɗe, wata tsohuwa gajera ta fito da carbi a hannu. Ita ce Gwaggo Delu, yayar Alhaji, wadda aka ɗauko daga Maraɗi musamman don ta yi wa Rakiya wanka. Zuwanta Amurka na farko ke nan.

Ta ce, "Ni na rufe shi, ɗan nan, kada ka tambayi kowa. Ramin nan iska yake ja. In ka sa hannu a ƙarƙashin ƙofar yarinyar nan sanyi za ka ji yana gudu. Mai jego da iska? Ba a gabana ba."

Gaskiyarta, iskar na bi ta nan. Aikin da aka kawo ta yi take yi, kuma a Maraɗi da ba wanda zai ce ta yi kuskure. Na gaishe ta da kyau, na nemi izini, na cire bargon. Filtar da ke bayansa baƙa ƙirin, ta danƙare da maiƙon turare, har ta lanƙwashe ciki saboda jan da fanka ke yi mata. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne, tun kafin Gwaggo ta zo injin ke shan wahala.

Na buɗe fanes ɗin. Mai gadin da ke bakin wuta, wanda ba ya komawa sai an danna shi da yatsa, ya faɗi. Robar wayar da ke kusa da shi ta ƙone ta yi ƙwanƙwashe. Tun daga nan na san ba lafiya ba, don wannan mai gadin ba ya faɗuwa a banza. Na sa sabuwar filta, na danna shi, na kife bokitina na zauna. Ƙaramar fanka, ƙas, ja, fuu. Wuta ta kama shuɗiya, a miƙe, gwanin sha'awa. Alhaji a bayana ya ce alhamdulillahi. Na ɗaga masa hannu. Babbar fanka ta taso. Nan take harshen wutar ya fara rawa, ya koma rawaya, ya juyo baya yana lasar bakin ƙarfe kamar yana neman hanyar fita. Na'urar shinshina da na ajiye a bakin bututun baranda ta fara ƙara.

Na kashe, na rufe gas, na sa aka buɗe ƙofofi. Da ƙarfen ya huce na zura madubi da tocila. Sai ga tsaga, doguwa, a gefen tukunyar da wutar ke ci a ciki.

Ku saurara, don wannan ba ya cikin bidiyonku. Wutar fanes a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe take ci. Hayaƙinta na fita waje ta bututunsa, iskar gida kuma ta bayan tukunyar take bi ta ɗebi zafi. Ba sa haɗuwa. Idan injin ya daɗe yana shaƙewa, ƙarfen ya yi ta yin ja yana hucewa, wata rana sai ya tsage. Daga nan fankar da ke kai ɗumi ɗakuna ita ce ke kai guba. Babba ya ji ciwon kai da jiri. Jariri ba ya cewa komai, barci kawai yake yi.

Na ja Alhaji gefe na yi masa bayani. Na ce injin ya gama, sai sabo, kuma ko yau aka saya ba za a gama ɗaurawa kafin gobe ba. Na ce ina da hita biyu na lantarki a mota da za su riƙe ɗaki ɗaya, amma gidan nan da faɗinsa ba za su iya ba.

Ya shafa gemu. Sai ya rage murya ya ce, "Bon. Akwai 'yar wayar nan da na ga ka sa wa na shagona bara, ya tashi. Ka sa mana ita zuwa jibi. A yi suna, baƙi su watse, sannan ka zo ka canza duk abin da kake so."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ba zan sa ba."

"Zuwa jibi kawai na ce."

"Ko zuwa magariba ba zan sa ba."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Issufu." Bai sa Malam ba. "Ni kake karanta wa dokar Turawa a gidana? An yi alkawarin rago, an dafa abinci, mutane sun taso tun daga New York. In ce musu su juya saboda wata tsaga da ba mai ganinta sai kai da madubinka? Mun kwana da shi mako guda tun haihuwar nan, wa ya mutu?"

Kunya ta kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya ba ni katifa a falonsa ne, ga mata a kicin suna ji. Na dai sunkuyar da kai na maimaita masa haƙuri. Ya ce shi ke nan, in tattara kayana, akwai makaniki a garejinsa da zai zo ya tayar da shi. Abin da nake tsoro ke nan. Gas ɗin da na rufe kowa na iya buɗewa, mai gadin kowa na iya dannawa, guntun waya kuma ko a ina ana samu. Da na fita daga ƙofar nan ba ni da sauran iko, jaririyar kuwa a ɗakin da ya fi kowane kusa da injin take.

Ashe Gwaggo Delu na tsaye a bayanmu tun lokacin da na kunna. Ta matso, ta dafa bango, ta leƙa cikin akwatin duk da wutar ta mutu.

Ta ce, "Na ga wutar nan. Lafiya lau take ci, sai wani abu ya busa ta daga ciki. Na tsufa a gindin murhu, ban taɓa ganin wuta ta juyo ta bar tukunyarta ba sai da dalili." Ta juyo gare ni. "Ɗan nan, gaya min tsakaninka da Allah. Bargona ne ya fasa ta?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Ta daɗe da gajiya, Gwaggo. Bargon ya ƙarasa ta."

Ta ja carbinta ɗaya, biyu. Sai ta ce, "Akwai wani abu a jikinsa da in an cire ba ya tashi?"

Na miƙa hannu cikin allon wayoyin na zaro fiyus, ɗan mitsitsin abu mai ruwan hoda, bai kai ƙwayar dabino ba. Na ɗora mata a tafin hannu. Ta juya shi, ta kama haɓar zaninta, ta ƙulle shi tam kamar yadda tsofaffinmu ke ƙulle goro. Sannan ta dubi Alhaji, mutumin da duk Greensboro ba mai kiran sunansa gatsau, ta ce, "Sani, ga shofaj ɗinka nan a haɓar zanina. In kana so ka zo ka karɓa."

Ku fahimci wani abu. Irin fiyus ɗin nan a kowace mota akwai shi. Alhaji dillalin motoci ne, aljihun teburinsa cike yake da su. Ya sani, na sani, ya kuma san na sani. Amma ya sa wani a gurbinsa yana nufin ya tsallake maganar yayar da ta goya shi a baya. Ya tsaya yana kallonta. Can ya ce, "To, Yaya," ya juya ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ni ko kallona bai yi ba.

Kafin in fita na hango kasko da ledar gawayi a ɗakin mai jego. Na ce, "Gwaggo, wannan ma gubarsu ɗaya da injin nan, ko ya yi ja ba ya hayaƙi. Gidajen nan ba sa numfashi kamar namu." Ta harare ni ta ce, "Ni za ka koya wa gawayi?" Amma da na zo shiga mota na ga kaskon a waje, a kan dakalin ƙofa.

Kafin la'asar ta wuce aka kwashi Rakiya da jaririyarta zuwa ɗakunan hayar mijinta a Wendover, abin da ba a yi ana tsakiyar wanka, Gwaggo kuma ta bi su da ƙullin kayanta. Washegari aka raɗa suna a masallaci. Mata suka cunkushe a falon da bai kai rabin kicin ɗin Alhaji ba, tukwanen abinci har kan matakala. Baƙin nesa aka rarraba su gidajen mutane. Babban gidan jan bulo ya wuni a rufe, ba kowa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Alhaji bai yi min faɗa a bainar jama'a ba, ba halinsa ba ne. In an tambaye shi mai gyara sai ya ce, "Issufu? To, Allah ya kyauta." Wannan ya isa. Magana ta zaga cewa na kashe masa inji da gangan don in sayar masa da sabo. Wasu suka ce na zama Bature, ba na ganin girman kowa. Matata ta riƙa dawowa daga biki da wuri. Wani kamfani ne ya ɗaura masa sabon fanes a makon da ya biyo, me suka gani a tsohon ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wayata ta yi shiru. Lokacin zafi ya zo, na'urorin sanyi na lalacewa a gidajen mutanenmu, sai in ga motar wasu a ƙofarsu. Na koma yi wa wani kamfani aikin rana, ina rarrafe a ƙarƙashin gidaje cikin laka da gizo-gizo, da furfurata, ina karɓar umarni daga sa'an ɗana. Abin ya yi min ciwo.

A tsakiyar wannan na je gaida Mista Odell, lokacin ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Na kwashe labarin duka na ba shi, ina jiran ya yaba min ko ya zagi Alhaji. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Guntuwar wayar nan tana ina?" Na taɓa aljihuna na ce tana nan. Ya ce to in zauna in sha kofi.

Da Gwaggo Delu za ta koma Maraɗi, Rakiya ta zo gidana da 'yarta a kafaɗa. Ta ajiye kwalbar turaren wuta a kan tebur, da wani ɗan ƙullin tsumma da aka yago daga bakin zani. Ta ce, "Baba, Gwaggo ta ce a kawo maka amanarka. Turaren kuma na Anti matarka ne, amma wai ka gaya mata ta kunna shi nesa da ramin iska." Na kwance ƙullin, fiyus ɗin ne.

Aiki ya dawo a hankali, kuma ta hannun mata ya dawo. Wata hajiya ta kira ta ce ba gyara take so ba, so take in nuna mata inda za ta riƙa ajiye kasko. Daga ita sai ƙawarta. Alhaji ya ba ni hannu a wata Sallah, muka gaisa, har yau ba wanda ya tayar da zancen a cikinmu. Gwaggo ta rasu a Maraɗi, Allah ya jiƙanta. Fiyus ɗin yana cikin akwatin kayana, a lungun da guntun wayar nan take.

Wanda ke son koyo a cikinku ya zo gidana ranar Asabar, ya bar wayarsa a mota, ina da bokiti na biyu. Goge ɗan ƙarfen nan zan nuna masa kafin shayi ya huce. Sauran sai ya zauna.

Jaririyar kuwa kun san ta. Ita ce doguwar yarinyar nan mai jakar makaranta da ta ratsa ta gabanmu ranar Juma'a, lokacin da kuke tura min waya a fuska. Ta ɗaga min hannu ta ce, "Hi, Baba Issufu," ta wuce tana dariya da ƙawayenta. Ba ta san komai a kan wannan ba. A wurinta ni tsohon nan ne mai farar mota da tsani a sama.